Kekuna 14 a Hanyar Dutsin-Ma: Yadda Hayar Haɗin Gwiwa Ta Kasance Mana a Katsina

A ranar 29 ga watan Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin shan rantsuwarsa cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuli kuma ta wuce 600. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin makarantun da suka jeru a kan hanyar Dutsin-Ma, gidana kuwa yana cikin gari. Duk wanda ya san Katsina ya san abin da hanyar nan take ɗauka kowace safiya: ga Jami'ar Al-Qalam, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, can gaba kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Ɗalibai da ma'aikata suna fita daga gari da safe su dawo da yamma, akasarinsu a bayan ɗan acaɓa ko cikin kurkura, wato adaidaita sahu.

Da kuɗin mai ya tashi, kuɗin hawa ya bi shi. Masu mashin a cikinmu suka fara jingine su kwana biyu ko uku a mako. Na ga wani masinja, magidanci mai iyali, yana takowa a ƙasa tun daga Ƙofar Ƙwaya, ya iso wurin aiki rigarsa sharkaf da gumi tun kafin ƙarfe takwas. A cikin wannan hali ne mu 'yan kaɗan muka haɗa kuɗi muka sayi kekuna don a riƙa hawa bi da bi. Ni nake riƙe da littafin kuɗin tun ranar farko, saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, har da ɓarnar da ni na jawo.

Yadda aka kafa

Ba mu muka ƙirƙiro hayar keke a Katsina ba. Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san mai hayar keke na unguwa, wanda yara ke tara kuɗin tara su kai masa, ya duba agogo ya ba su keke na ɗan lokaci, su yi ta zagaye har su kware. A hannun irinsu yawancinmu muka koyi hawa. Dattijon da ya zama ginshiƙin tafiyarmu ɗaya ne daga cikinsu. Yana da rumfar gyaran keke a ƙarƙashin wata bishiyar bedi kusa da Ƙofar Ƙwaya, kowa Baba yake ce masa. Da acaɓa ta cika gari sana'arsa ta ja baya, ya koma faci da gyaran kekunan 'yan makaranta.

Mu 23 muka zuba kuɗi, kowa gwargwadon ƙarfinsa, aka rubuta kason kowa. Ni da farko sababbin kekuna nake so a saya. Baba ya ƙi. Ya ce sabon da kuɗinmu zai iya saye ƙarfensa ba shi da ƙwari, gara na hannu da ake shigowa da su daga waje, masu kwando a gaba da kariya a baya. Shi ya zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, yana juya ƙafa yana sauraren ƙarar boris, yana duba ko gangar jikin ta taɓa karyewa an yi mata walda. Muka samu 14. Aka shafa wa madigadin bayan kowanne fenti ruwan ɗorawa, aka rubuta lamba da baƙi, aka saya wa kowanne sarƙa da kwaɗo.

Tasha biyu muka yi: rumfar Baba a gari, da shagon wani mai kayan masarufi daura da ƙofar makarantarmu, wanda ya yarda ya riƙe makullai a kan ɗan abin da ake ba shi duk wata. Mai kaso yana biyan kuɗi kaɗan a wata, wanda ba shi da kaso yana biyan kowace tafiya, abin da bai kai rabin kuɗin acaɓa ba. Dokokin ba su da yawa. Ba a ɗaukar goyo. Keke yana kwana a tasha, a dawo da shi kafin sallar isha'i. Sai wadda Baba ya kafe a kanta: ba wanda zai hau sai wani mai kaso ya tsaya masa, an rubuta sunan mai tsayawar a gefen nasa. Wasu matasa a cikinmu sun so a nemi manhajar waya da makulli mai buɗewa da lamba, irin abin da suke gani a intanet. Ba mu da kuɗinsa, sai muka tsaya a littafi mai layi da zauren WhatsApp.

Kowa hanya ɗaya ya nufa

Matsalar farko ba mu hango ta ba, ga ta kuwa a fili. Da safe duk masu hawa daga gari suke fita. Kafin bakwai da rabi rumfar Baba ta zama wayam, wanda ya makara sai ya juya ya nemi kurkura, kekunan kuma su wuni a jingine a bakin shago suna shan rana. Da yamma abin ya juye. Ke nan keke ɗaya mutum ɗaya yake yi wa amfani a yini, kamar dai nasa ne na kansa, alhali dalilin haɗa kuɗin shi ne mutane da yawa su mori kaɗan.

Daga baya na karanta cewa wannan ciwo ne na duk inda ake irin wannan haya. A Paris, inda tsarin Vélib' ya fara aiki a Yulin 2007, motoci ake sa wa su kwashi kekuna daga tashar da ta cika su kai wadda ta ƙare. Mu ba mu da mota, kuma ɗaukar hayar kurkura don ta kwaso keke zai cinye abin da aka tara. Mai shagon ne ya kawo mafita. Ya lura akwai ɗaliban da ke haya a wannan yankin, waɗanda ke son shiga gari da hantsi, zuwa babbar kasuwa ko banki ko asibiti. Aka ce duk wanda zai mayar da keke gari kafin ƙarfe goma rabin kuɗi zai biya. Haka kekuna huɗu ko biyar suka riƙa komawa hannun Baba, masu lacca ko aikin rana su same su. Sauran kuma aka buɗe hayarsu ta awa a tsakar rana, don 'yan aike-aike zuwa Batagarawa ko wurin mai abinci. Da na zauna lissafi bayan wata uku, sai na ga wannan ƙaramar hayar ta rana ita ke biyan kuɗin gyara, ba tafiyar safe da muka kafa abin dominta ba.

Gyara

A nan ne aikin yake, a nan kuma na fi ƙaruwa da Baba.

Katsina shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba tudu ba gangare, wannan ya taimaki ƙafar mai tuƙi. Amma gefen titi yashi ne, kuma da mai keke ya ji ƙarar babbar mota a bayansa gefe yake sauka. A nan tsidau yake jiransa. Bayan damina, lokacin da ƙayarsa ta bushe, babu ranar da ba a faci biyu ko uku. Da hunturu ya shigo ƙura ta riƙa haɗuwa da giris tana cin kaca, birki yana ƙara, boris yana tsayawa. Duk wannan kuɗi ne, amma ba shi ya fi damunmu ba. Abin da ya fi shi ne shiru. Mutum zai ji birkin baya ya saki, ko feda tana karkarwa, ya lallaɓa ya kawo keken ya jingine ya tafi abinsa. Na gaba ya hau bai sani ba. Wata safiya wani malami ya taka birki a bayan kurkurar da ta tsaya ba zato, birkin bai kama ba, ya daki bayanta. Allah ya kiyaye, kurjewa kawai ya yi a gwiwa.

A taron da muka yi bayan nan na kawo shawarar tara: duk wanda keke ya lalace a hannunsa ya biya gyaran. Yawancin mutane suka goyi bayana. Baba yana zaune a kan bencinsa bai ce komai ba har aka gama, sannan ya dube ni.

"Malam, in ka ce wanda ya faɗi zai biya, wa zai faɗi? Kaca in za ta tsinke ba ta tambayar wa ke bisa. Mutum goma suka cinye ta, na goma sha ɗaya ta tsinke mashi. Mi ya yi?"

Na ce, "To Baba, haka za mu bar kowa ya yi yadda ya ga dama?"

Ya ce, "A'a. Wanda ya zo ya ce mani ga abin da ya ji, kada a karɓi ko kwabo. Wanda ya ɓoye, na gano da hannuna, shi za a ci tara. Ni dai a kawo mani keken in taɓa shi kafin mai shi ya wuce."

Haka aka yi. Tun daga ranar, duk keken da ya dawo sai Baba ko yaronsa ya matsa birki biyu, ya latsa taya, ya juya feda, mai hawan yana tsaye. Abin ba ya cin minti ɗaya. Mai shago ma aka koya masa. Cikin 'yan makonni zauren WhatsApp ya cika da saƙonni irin su "lamba 6 sirdinsa na juyawa", "lamba 11 iskar gaba ta yi ƙasa". Kuɗin gyara ya sauka, domin ƙaramar matsala ake kamawa kafin ta girma. Ni a ganina wannan ƙa'ida ɗaya ta fi duk abin da muka tsara amfani, kuma ba daga cikinmu masu takarda ta fito ba.

Keken da ya ɓata

Tarihin wannan harka cike yake da sata. A Amsterdam a 1965 wasu matasa sun shafa wa kekuna farin fenti suka bar su a titi ba makulli, kowa ya hau. Abin bai daɗe ba. A Kopenhagen a 1995 an sa sai ka jefa tsabar kuɗi keke ya buɗe, ka karɓi abinka in ka mayar, amma tsabar ba ta kai darajar keken ba, kuma ba a san wa ya ɗauka ba. Kamfanin ofo na ƙasar Sin, wanda ya fara daga harabar Jami'ar Peking, ya bi ta hanyar karɓar kuɗin ajiya ta waya. Da ya durƙushe a 2018 miliyoyin mutane suka shiga layin neman a mayar musu da kuɗinsu. Kowannensu amsar tambaya ɗaya yake nema: in keke bai dawo ba, wa za a kama?

Mu sau ɗaya aka jarraba mu. Wani saurayi ya ɗauki lamba 9, ya tsaya sallar la'asar a wani masallaci a cikin gari, ya jingine shi bai sa kwaɗo ba. Ya fito bai gan shi ba. Wanda ya tsaya masa kawunsa ne, ɗaya daga cikin dattawanmu, mai gadi ne, albashinsa bai taka kara ya karya ba. Na san halin gidansa, don haka na je wurinsa da niyyar in ce ƙungiya ta yafe. Bai bar ni na ƙarasa ba. "Malam, ni na sa sunana. In an yafe mani yau, gobe sunan kowa ya zama banza." Aka raba masa biyan wata huɗu, yaron kuma ya riƙa zuwa rumfar Baba ranakun Asabar yana taya wanki da shafa giris, ana cire ladan daga bashin. Raina bai so karɓar kuɗin nan ba, duk wata sai na ji nauyinsa. Amma daga wannan lokaci mutane suka daina tsaya wa wanda ba su san gidansu ba, kuma ba mu sake rasa keke ba.

Wannan tsari yana da iyaka, dole a faɗa. Baƙon ɗalibi da ya zo daga Funtuwa ko Daura, wanda bai san kowa a cikinmu ba, ba shi da hanyar hawa sai ya yi sabo da wani. Wanda ya fi bukata wani lokaci shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa.

Sikuta biyu

Wannan laifina ne. Da kuɗi suka ɗan taru a asusu, na kawo shawarar mu sayi sikuta mai caji, irin wadda ake tsayuwa a kanta, mai ƙananan ƙafafu. Hujjata ita ce zafi. Daga Maris zuwa Mayu rana a Katsina takan haura digiri 40, kuma azumin 2024 a cikin Maris da Afrilu ya faɗo; a makonnin nan hawan keke da rana ya kusa tsayawa cak. Na ce abin da ba a tuƙawa da ƙafa zai riƙe mana masu hawa, zai kuma jawo matasan da ke jin kunyar keke. Baba ya tambaye ni abu biyu: in ta lalace wa zai gyara, kuma a ina ake sayar da tayarta. Na ce za a samu. Ban bincika ba.

Mun sayi biyu na hannu daga wani ɗan kasuwa. Makon farko layi ake yi a kansu. Daga nan gaskiya ta fara fitowa. Ƙaramar ƙafa ba ta jure rami, kuma da ta shiga yashin gefen titi sai ta kafe, mai hawa ya yi gaba. Batirin ya riga ya tsufa, zafi kuma ya ƙara masa rauni, har ta kai ɗaya ba ta iya zuwa ta dawo a caji guda. Cajin kansa sai an kai wurin mai cajin waya da janareta, a biya, wato fetur ɗin da muke gudu shi muka koma saye ta bayan gida. Wani ɗalibi ya faɗi da ita a kan tsakuwa ya tsage haɓa, aka yi masa ɗinki, muka biya. Tayar ɗaya ta fashe, muka nema a Katsina ba mu samu ba, sai da aka aika Kano. A Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace Arewa ta kwashe kwanaki a duhu, masu caji suka cika da wayoyi, kuɗin caji ya tashi, sikutocin suka zauna a kusurwar shago. Kekunan kuwa ko a jikinsu. Muka sayar da su a kan abin da bai kai rabin kuɗin saye ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na sani daga baya cewa mutanen Paris sun kaɗa ƙuri'a a Afrilun 2023, kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka fito suka ce a cire sikutocin haya daga titunansu, aka kuma cire su a farkon Satumbar shekarar. Birni mai santsin titi da wutar da ba ta ɗaukewa ya gaji da su watanni kafin ni in sa abokan aikina su zuba guminsu a ciki. Na tsaya a gaban taro na ba da haƙuri, na kuma nemi a cire wani abu daga kasona. Mashin mai caji mai manyan ƙafafu wani zance ne daban, ban yanke masa hukunci da wannan ba.

Titi da mutane

Ba a yi titunanmu da mai keke a zuciya ba. Gadojin ƙasa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, da aka buɗe a farkon 2023, sun sauƙaƙa wa motoci, amma mai keke ba shi da layinsa a ko'ina, tsakanin kurkura da tirela yake neman rai. Mun saya wa kowane keke ƙararrawa da abin ƙyalli na baya, muka kuma matso da lokacin dawowa zuwa magariba. 'Yan acaɓar bakin ƙofa sun ɗan ɗaure fuska da farko, har sai da suka ga yawancin masu hawan kekenmu waɗanda da ma a ƙasa suke tafiya ne.

Akwai kuma kunya. Ranar da na fara isa wurin aiki a kan keke wani ya tare ni da tausayi: "Malam, lafiya? An sayar da mashin ɗin ne?" A wurinmu keke alamar wanda bai samu ba ce. Abin ya ragu ne ranar da wani babban malami, mai mota, ya fara hawa sau biyu a mako saboda likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Da litar mai ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, tambayar ta daina zuwa gaba ɗaya.

Inda muka gaza ƙwarai shi ne mata. Huɗu daga cikin masu kaso mata ne, sun zuba kuɗi kamar kowa, ba wadda ta taɓa hawa. Yarinya ƙarama takan hau keke zuwa islamiyya ba mai magana, amma matar aure a kan keke a titin Katsina abu ne da ba a saba gani ba, ko da yake a Wagadugu mata a kan keke da mashin suke cika titi. Wata Hajiya a cikinsu ta faɗa mana a taro: "Kuɗin mota bai san mace ba, bai san namiji ba. Ku kun samu sauƙi, mu fa?" Ba mu da amsa a ranar. Abin da muka iya daga baya shi ne ware wani kaso na ribar wata a ƙara wa wani mai kurkura, ya riƙa ɗaukar su huɗun safe da yamma a farashi tsayayye. Ya rage musu, amma ɗalibai mata, waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba, har yanzu ba abin da tsarinmu ya yi musu.

Inda ake yanzu

Kekunan sun zama 17. An mayar da gurbin lamba 9, an ƙara uku daga riba, masu kaso kuma sun karɓi ɗan rabo sau biyu. Wasu daga wata makarantar sun zo sun kwafi dokokinmu, na ce musu kafin su sayi keke ko ɗaya su fara nemo mai gyaran da zai zauna da su.

Mu ma wannan ce damuwarmu a yanzu. Idon Baba ya fara rauni, da yamma ba ya ganin lambar da ke jikin madigadi sai ya shafa da hannu ko ya tambaya. Yaronsa ya iya faci da ɗaurin birki, amma ya fi son ya koma gyaran mashin, inda kuɗi ya fi. A taron wata mai zuwa za mu duba ko asusu zai iya ɗaukar albashinsa na wata-wata, da kuma maganar ɗaliban da ba su da mai tsaya musu, ko shugabannin ƙungiyoyin garuruwansu za su yarda su sa suna. Jiya da na kai lamba 4, Baba ya matsa birki ya latsa taya, ya miƙa wa yaron sifana ya ce ya ɗaure kacar a gabansa, yana sauraren ƙararta.